A Hannuna Ɗana Ya Koyi Shan Burukutu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mama Fasto, iyayena mata, 'yan'uwana na zumunta, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Ku yi haƙuri in kun ji muryata tana rawa. Ba tsoron taro nake ji ba, kun san ni da baki. Kunya ce. Akwai matan da ke zaune a gabana yanzu da har yau ban iya ɗaga ido in dube su.

Baƙinmu da suka zo daga Dabai da Danko, sunana Saratu. A nan Zuru aka haife ni, a majami'ar nan aka yi mini baftisma, a nan kuma aka ɗaura mini aure da marigayi mijina Ishaya, tsohon soja. Amma in kun shiga gari kuka tambayi Saratu matar Ishaya, ba lalle a gane ba. Ku ce Saratu mai burukutu, nan da nan za a nuna muku ƙofar gidana. Sunan da na saya wa kaina ke nan.

Da ba haka nake ba. Tsofaffin cikinku sun sani, ni ce mai buga tulun kiɗa a zumuntar nan. In na ɗaga waƙa, har na waje sai sun leƙo. Ba a buɗe ƙofar majami'a ban zo ba.

Sai Ishaya ya kwanta ciwo, ya daɗe yana jinya, Ubangiji ya ɗauke shi. Ya bar ni da yara da 'yar gona da ba ta kai mu rani. Wata maƙwabciyata ta ce, "Saratu, ga dawa, ga tukwane zan ara miki. Ki dafa burukutu ko na shekara ɗaya ne, yaran nan su samu abin kaiwa baki."

Ranar da na fara jiƙa dawa, da kuka na jiƙa ta. Na ce, "Ya Uba, ka gani, ba da son raina ba ne. Da zarar na miƙe zan bari."

Na miƙe, 'yan'uwa. Ban bari ba.

Ba zan ɓuya a bayan marayuna ba. Yunwa ce ta shigar da ni, amma ba ita ta riƙe ni ba. Yara sun ƙoshi, na rufa ɗaki da kwano, na sayi tukwanena manya, na daina aro. Hannuna ya yi kyau a sana'ar. Maza suna tsallake gidajen giya da yawa su zo nawa. In suka ce, "Kai, na Mama Saratu daban ne!" sai in ji kaina ya kumbura. Na ji daɗin suna, na ji daɗin abin da ke shigowa. Gaskiyar ke nan.

Dattawan ikilisiya sun zo, suka zauna a kan bencin mashaya suka yi mini magana a hankali. Mama Fasto ta zo ita kaɗai, ba sau ɗaya ba. Kun san abin da na faɗa wa baiwar Allah nan? Na ce, "Mama, addu'a tana cika tukunya? Lokacin da yarana suke kwana da yunwa, waƙa na dafa musu?" Ta share hawaye ta tafi.

Ikilisiya ta sa ni a horo, aka hana ni teburin Ubangiji. Maimakon in tuba, sai na ce to, an huta. Na naɗe zanen zumunta na jefa ƙasan akwati. Lahadi ta zama babbar ranar cinikina. Ƙararrawar majami'a tana bugawa, ni ina juya tukunya. Da farko ƙarar tana sukan zuciyata. Daga baya ta zama mini agogo, in na ji ta na san lokacin tace giya ya yi.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Na nemi izinin 'yar'uwata Hannatu kafin in ambaci sunanta, ta ce in faɗa.

Mijinta Markus magini ne, mai hannu, amma duk abin da ya samo a gidana yake ƙarewa. Wata rana da la'asar, tsakar gidana cike da maza, Hannatu ta shigo. Ba ta yi faɗa ba. Ta zo har bakin murhu ta durƙusa, ta rage murya ta ce, "Yaya Saratu, don Allah, in ya zo ki ce masa ta ƙare. Yara ba su ci kome ba tun jiya."

Da na ja ta gefe na ba ta ko mudun dawa, da me zai ragu a jikina? Amma sai na ɗaga murya don kowa ya ji. Na ce, "Ni na je gidanki na kira shi? In kin iya riƙon miji, ki ɗaure shi a ƙafar gado mana!"

Maza suka fashe da dariya. Har Markus ya yi dariya. Hannatu ta tashi, ta karkaɗe gwiwarta, ta fita.

Markus ya ci gaba da sha, ni kuma na ci gaba da zuba masa. Daga baya cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, ya mutu. Babban ɗansu Iliya ya bar makaranta ya koma ɗaukar bulo. Ranar jana'iza ban je ba. Wutar murhuna ma ban kashe ba.

Wayyo ni, Saratu!

Duk wannan ina yi, ashe a cikin ɗakina abin yake girma. Autana Dauda, shi ne ke taya ni raba ƙwarya in ya dawo makaranta. Wata rana mura ta kama ni, bakina ba ya jin ɗanɗano, sai na ɗebo kaɗan a ƙoƙo na miƙa masa. Na ce, "Ɗanɗana mini, ta tashi?" Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce ta tashi. Mashaya suka tafa masa, suna cewa ɗan soja ne. Na yi dariya tare da su. Daga ranar shi ne mai ɗanɗana mini.

Ya girma, 'yan'uwansa suka watse, mata suka yi aure, yayansa ya shiga soja aka kai shi nesa. Dauda ya samu babur yana kabu-kabu. Kafin ya fita da safe sai ya sha, in ya dawo ya sha. Ina zaginsa da baki, amma tukunya a buɗe take a tsakar gida, wa zai hana shi?

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, gida ya cika. Na gan shi ya fito daga ɗaki yana tangaɗi, makullin babur a hannunsa. Na gan shi da idona! Zuciyata ta ce, tashi ki ƙwace makullin nan. A daidai lokacin wani ya buga ƙwarya ya ce, "Mama, ƙaro!" Sai na juya na ɗauki ludayi. Kafin in gama zubawa na ji tashin babur.

Rana ba ta faɗi ba na ji sallama a ƙofa. Wani dattijon Bafulatani ne, makiyayi, sanda a kafaɗa, gaban rigarsa duk jini. Bai shigo ba, daga waje ya tsaya. Ya ce, "Ina uwar yaro mai jan babur?" Na ce ga ni. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ya daki kwalbati a hanyar Dabai, ya faɗa rami. Na ɗaure ƙafar da rawanina, na tare motar hatsi, mun kai shi asibiti. Yana numfashi. Ki yi sauri."

Mutumin nan bai san mu ba, ba addininmu ɗaya ba. Ya bar shanunsa a hannun wani ya bi ɗana har asibiti, ya yi ta tambaya har ya gano gidana. Ko sunansa ban tambaya ba. Duk inda yake, Allah ya sāka masa.

Da na ga Dauda ban gane shi ba. Ƙafar dama ta farfashe daga gwiwa zuwa ƙasa, leɓunansa sun yi fari. Likita ya ce jini ya zuba da yawa, wanda suke da shi irin nasa sun sa masa, bai isa ba, sai mun kawo masu bayarwa kafin a shiga da shi aiki. Na miƙa hannuna na ce a kwashe nawa duka. Aka gwada, aka ce ga shekaru ga hawan jini, ba za a ɗiba ba.

Da gari ya waye na ruga wurin mutanena. Ai ina da jama'a! Mutanen da suka shekara da shekaru suna kirana Mama, suna rantsuwa za su mutu domina. Na bi su gida gida. Wannan ya ce allura yake tsoro. Wancan ya ce matarsa ta ce ba ya nan, alhali ina jin tarinsa a ɗaki. Kaɗan suka biyo ni, Allah ya sani sun yi ƙoƙari, amma da aka gwada su aka ce jininsu ba zai yi ba, su kansu suna bukatar magani. Wa ya lalata musu jiki? Ni ce.

Na fito bayan ɗakin marasa lafiya, rana ta take, na zauna gindin wani dogonyaro. A nan na fara jin warin jikina. Zanena, gashina, fatar hannuna, duk tsamin burukutu. Shekaru ina cikinsa ban taɓa ji ba sai ranar.

Na ce bari in yi addu'a. Na buɗe baki, babu kome. Ni da nake jagorar waƙa, ko layi ɗaya ban tuna ba. Ta ina zan fara? Da wace fuska? Mutumin da ka rufe wa ƙofa shekara da shekaru, yau ka zo kana buga ƙofarsa don wuta ta kama ka?

Sai na kife a ƙasa, goshina cikin turɓaya. Hausa ta ɓace mini, da yarenmu na yi kuka, yadda nake yi wa uwata ina ƙarama. Na ce, "Yesu, ni ce Saratu. Ban san ko kana tuna muryata ba. Ba ni da abin da zan kawo maka. Na kashe mijin wata, yanzu na kashe ɗana. In hukunci ne, ni ka kama, shi bai san kome ba, ni na miƙa masa. Ka ji tausayina. Ko ka tashe shi ko ba ka tashe shi ba, na gaji da gudu. Ga ni."

Ban ga haske ba, ban ji wata murya daga sama ba. Ba zan ƙara gishiri ba. Abin da na ji shi ne hannu a bayana.

"Saratu, tashi."

Mama Fasto ce. Ashe ranar ce matan zumunta suke ziyarar marasa lafiya. Na ɗago na gan su tsaye cikin zanen zumunta, da kulolin abinci a hannu. Na ja gyale na rufe fuskata. Da ƙasa za ta tsage da na shige. A cikinsu har da Hannatu.

Mama Fasto ba ta tuna mini da maganar tukunya ba. Ta ce, "Me ake bukata?" Na ce jini. Nan take ta kira Fasto a waya, Fasto ya aika wa matasa. Kafin la'asar sai ga samari suna zuwa, wani daga shago, wani daga gona da laka a ƙafa. Yaran da na zagi iyayensu!

Aka gwada su, jinin Dauda irin mai wuyar samu ne. Ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce mutum ɗaya ne ya dace, ta kira suna.

Iliya. Ɗan Markus.

Iliya ya san ni sarai. Yana yaro sau nawa ya zo gidana ya ciccibi ubansa ya kai gida. Bai dube ni ba, uwarsa ya duba. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na ce a raina, in ta ce a'a, ta yi daidai, ba mai ganin laifinta.

Hannatu ta ce, "Me kake kallona? Shiga mana, yaron mutane yana mutuwa."

Ku yabi Ubangiji!

Da ya shiga, na rarrafa na kama ƙafafunta. Ta janye. Ta ce, "Tashi, kada ki tara mini jama'a. Ba don ke na yi ba, Saratu. Ban manta ba, kada ki ɗauka na manta. Amma na san zafin binne mutum, ba na yi wa kowa fatansa. Kuma wanda ya zub da jininsa domina bai tsaya tambaya ko na cancanta ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dauda ya rayu. Halleluya! Amma zan gaya muku gaskiya, Allah bai ba ni duk abin da na roƙa ba. Na roƙi rai, na roƙi ƙafa. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ƙafar ta fara ruɓa, dole aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Bayan wannan ga rashin giya ya taso masa. Jikinsa yana karkarwa, yana zufa, yana ganin abubuwan da ba su nan. Ni na riƙe shi. Da hankalinsa ya dawo, ya ɗaga zane ya ga inda ƙafarsa ta ƙare, ya daɗe yana kallo. Na fara cewa, "Dauda, ka ga abin da nake gaya maka game da sha..."

Ya juyo ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mama, a hannun wa na fara?"

'Yan'uwa, na haihu, na binne miji, amma ban taɓa jin zafi irin na maganar nan ba. Na durƙusa a gaban gadon ɗan da na haifa, a gaban marasa lafiya da masu jinya, na ce, "A hannuna ne. Ka gafarta mini." Ya juya fuskarsa bango. Har aka sallame mu bai ƙara yi mini magana ba. Abinci ma sai in matan zumunta suka ba shi yake karɓa.

Kada ku ɗauka da na koma gida jaraba ta ƙare. A nan ta fara. Jinya ta cinye duk abin da na tara, rumbu ya yi ƙasa. Ga tukwane suna kallona, ga sauran tsiron dawa a buhu. Mashaya suka fara leƙowa, "Mama, sannu da jinya. Yaushe za a hura wuta?" Shaiɗan ya ce mini, dafa sau ɗaya kawai, ki saya wa yaron sandar tafiya.

Na gane muryar. Da irin wannan maganar ya shigar da ni tun farko.

Na kwashe tsiron na zuba wa aladun maƙwabta. Wata ta ce in sayar da tukwanen, wata ta ce in ajiye ruwa a ciki. Na ce a'a, na san kaina. In suna nan, wata rana zan koma. Na ɗauki taɓarya na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina fasawa ina kuka, don ba zan yi muku ƙarya ba, ina son tukwanen nan. Dauda yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa yana kallona har na gama.

Washegari da safe ina shara, na ji ya ce, "Mama." Na tsaya cak. Ya ce, "Ki dama mini kunu."

Kunu kawai ya ce. Na shiga madafa ina dama kunu, hawaye yana zuba a ciki, ina cewa na gode Yesu, na gode Yesu.

Na je gaban dattawa na faɗi kome. Na koma majami'a, na zauna a bencin baya har lokacin horona ya cika, aka karɓe ni a teburin Ubangiji. Yanzu ƙosai da kunu nake sayarwa a bakin hanya. Wata rana a samu, wata rana mu sha ruwa mu kwanta, sau da yawa kuma a cikinku wata takan aiko da mudun dawa ba ta faɗi sunanta ba. Dauda bai ƙara sha ba. Yana koyon ɗinki, yana taka keke da ƙafa ɗaya. Wani lokaci fushi yakan taso masa, ya wuni bai kula ni ba. Bai fara zuwa sujada ba tukuna. Ina roƙonku ku riƙa ambaton sunansa a addu'a.

Hannatu kuwa, ta daɗe ba ta wuce "ina kwana" da ni ba, ni ma ban nemi fiye da haka ba. Sai kwanan baya, a taron zumunta, na makara, benci duk ya cika, na tsaya a bakin ƙofa ina neman inda zan raɓa. Ba ta dube ni ba. Ta dai ɗauke jakarta ta ɗora a cinya, ta matsa, ta bubbuga wurin da hannu. Na je na zauna. Muka yi waƙa daga littafi ɗaya, ita ta riƙe gefe, ni na riƙe gefe.

Ban ce Allah ne ya yanke ƙafar ɗana ba. Ni da giyata muka yi wannan. Amma Allah ya daɗe yana kirana a hankali. Ya kira ni ta bakin dattawa, na toshe kunne. Ya kira ni ta hawayen Mama Fasto, na yi mata rashin kunya. Ya kira ni ta gwiwar Hannatu a ƙasa, na mai da ita abin dariya. Sai da wahala ta kayar da ni, fuskata a turɓaya, sannan na ji. Da na juyo kuma, ban tarar da sanda a hannunsa ba.

Matan da mazajenku da 'ya'yanku suka sha a gidana, ba zan iya mayar muku da abin da na ɗauke ba. Ga ni a gabanku. Ku gafarta mini saboda Yesu. Wadda ba ta iya ba tukuna, ba zan ga laifinta ba, zan jira.

Ke kuma 'yar'uwa da kike zaune kina cewa naki ya yi yawa, kunya ba za ta bar ki ki dawo ba, dube ni. Da kunyar na zo, har yanzu da ita nake tsaye, kuma an karɓe ni. In kina cikin wahala yau, kada ki ƙara nisa, juyo ki kira shi ko da ba ki da kalmomi. In kuma lafiya kike, kina jin yana taɓa zuciyarki a hankali, don Allah ki amsa yanzu. Kada ki jira sai an zo ƙofarki da jini a riga.

Na gode wa Uba da bai gaji da ni ba. Na gode wa Yesu da ya bar mini ɗana da rai. Ku dogara gare shi, ba ya korar wanda ya dawo.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa har abada. Amin.